Hanyar Inna a Kan Taswira

Ko zan manta komai na shekarun da na yi ina gyaran taswirar waya, ranar da na je duba wata 'yar hanya a bayan ƙauyenmu Maska ba za ta fita daga raina ba.

Aikin sa-kai ne. Ina zaune a Funtua sai in buɗe hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauko, in zana hanyoyin da ba a sa ba, in zaɓa wa kowace irinta: ta mota, ta babur, ko ta ƙafa, don kada taswira ta jefa direba cikin gonar mutane. Wadda aka daina bi kuwa, goge ta ake yi.

Wata rana ina zuƙo hoton ƙauyenmu don ya ƙara girma sai na ga siririn farin layi ya fita daga bayan gidanmu, ya ratsa gonaki, ya kewaye wata tsamiya, ya ƙare a unguwar Inna, ƙanwar mahaifiyata. Tsohon hoto ne, an ɗauke shi mahaifiyata na da rai. Na daɗe ina kallo, ina jin kamar in na ƙara zuƙowa zan gan ta tafe da ƙwarya a ka.

Na kasa zaɓar komai, na hau babur na tafi ƙauyen. Farkon damina ne, ƙasa na ta ƙamshi. Na tarar ciyawa ta cinye hanyar, wani dattijo mai gona a wurin kuma ya kawo shanun huɗa har bakinta.

Na ce masa, "Baba, har da hanyar za a haɗa?"

"To wa ke bin ta? Tun rasuwar Hajiya mahaifiyarka ko akuya ba ta bi ba. In da mai bi, ni ba na taɓa hanya."

Na wuce wurin Inna. Tana jin labarin ta jawo mayafi da sanda.

"Inna, ciwon gwiwar fa?"

"Rufe min baki, sarkin latsa waya. Wa ka ga ya sare hanyar nan? Ƙafata da ta yayata suka yi ta."

Muka taho a hankali. Ba ta kallon ƙasa, ƙafarta ce ke gano hanyar a ƙarƙashin ciyawa. A gindin tsamiya ta tsaya. "Nan muke haɗuwa," in ji ta, tana duban wajen gidanmu kamar mai jiran wani ya ƙaraso. Wallahi ni ma sai da na duba, hawaye suka cika min ido.

Mai gona ya hango mu. Ya karkatar da shanunsa, ya bar hanyar.

Da za mu rabu Inna ta ce, "Ni dai ba zan iya kullum ba. In za ka zo gaishe ni, ka bar babur ɗin nan a gida."

Na koma Funtua na sa ta a taswira a matsayin hanyar ƙafa, kuma har yau daga gidanmu da ƙafa nake zuwa wurin Inna. Ranar na gane taswira ba ta raya hanya, shaida kawai take bayarwa. In kana son hanyar da ke tsakaninka da naka ta zauna, sai ka tashi ka taka ta.