Gyaɗar Laraba

Har gobe ban manta da ranar da na kai sikeli gona don in auna camfi ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne, ina sabon malamin gona na En'e a ƙasar Karaye, ga ɗan ilimin boko, ga girman kai. Aikina in shawo kan manoma su karɓi sabon irin gyaɗa. In sun karɓa, Baturen gona ya tabbatar da ni a aiki. In sun ƙi, in koma gida.

Ruwan shuka ya sauka a ƙauyen Turawa, inda aka tura ni, gari ya waye Larabar ƙarshen wata. Ba wanda ya fita gona. Dagaci ya ce mini, "Malam, yau ranar nahisa ce, abin da aka shuka ba ya albarka. Ka bari sai gobe."

Na ce, "Ranka ya daɗe, za mu gwada mu gani."

Na raba gonata ta gwaji gida biyu daidai. Rabi na shuka da hannuna ran nan, don leburori sun ƙi, rabi kuma ran Alhamis. Iri ɗaya, taki ɗaya, noma ɗaya.

Da kaka na tara jama'a, aka auna. Ta Laraba ta yi wa ta Alhamis fintinkau. Daɗi ya kashe ni, na hau buhu ina wa'azi kamar na ci gari da yaƙi.

Dagaci ya jira na gaji, sannan ya ce, "Malam, gonarka a bakin hanyar Rogo take. Duk mai wucewa sai ya tuge ta Alhamis ya ɗanɗana, ni ma na taɓa. Ta Laraba kuwa wa zai kai ta bakinsa?"

Aka bushe da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Irin Alhamis suka yi wawa a kansa, don sun riga sun san daɗinsa, shi ya sa ban rasa aikina ba. Na Laraba ko kyauta an ƙi karɓa, sai gida na kai, muka yi ta miyar gyaɗa har mai ɗakina ta yi yaji.

Ku da kuke aikin yanzu, ku riƙe wannan: sikeli zai gaya muku nauyin gyaɗa, amma ba ya sanin wanda ya ji tsoron taɓa ta. Ni dai har na yi ritaya ban sake shuka ran Laraba ba. Ba don na yarda ba ne, miyar gyaɗa ce ta ishe ni.