Wayar da Ta Rubuta Ƙunƙunin Zenon

Zenon Kruk a durƙushe ya ƙarar da ƙuruciyarsa, yana sa wa mutanen birnin Lodz tayil a banɗaki da kicin, har gwiwoyinsa suka ƙi. Likita ya ce ya nemi aikin tsaye. Sai ya shiga kwas ya fito mai duba gida. Kafin mutum ya karɓi makullin sabon gida daga kamfanin gini, Zenon zai zo da tocila da tef da ma'aunin bango, ya zaƙulo duk inda aka yi ha'inci, ya rubuta rahoto.

Zaƙulowar ba ta ba shi wuya ba, don ya san inda magina ke ɓoye abin kunyarsu. Rubutun ne ya gagare shi.

Da farko ya sayo fom ɗin da aka buga, mai ƙananan akwatuna: lafiya, ko da matsala. Ya gwada shi a gidansu. Bai kai ƙofar banɗaki ba ransa ya ɓaci.

"Bango ya karkace kamar mashayi zai hau bas, a ce in sa ɗan maki a akwati in wuce?"

Ya cika gefen takardar da bayani, ya juya bayanta ya ci gaba. Matarsa Halina, wadda ta yi ritaya daga kantin magani, ta sa tabarau ta duba, ta juya takardar sama da ƙasa, ta kira shi da sunan da take kiransa a gida.

"Zenek, rubutun likitoci na karanta har na tsufa. Wannan kaza ce ta bi ta kai."

Ranar Lahadi ƙaninta Lucjan, mai sayar da waya a kasuwa, ya zo cin abinci. Yana shan miyar kabeji ya karɓi wayar Zenon ya sa masa wata manhaja.

"Ka ɗauki hoto, ka yi magana, ita ta rubuta, ita ta tura. Suruki, baki kawai take so, kuma shi ne abin da Allah ya hore maka."

"Kai kuma ciki," in ji Zenon. Amma abin ya yi masa.

Akwai wata ɗabi'a tasa da shi kansa bai san da ita ba. Wanda ya daɗe yana aiki shi kaɗai a banɗakin mutane, da kansa yake hira.

Aikinsa na farko gidan Pani Miroslawa ne (a can Pani ake ce wa mace don girmamawa, namiji kuma Pan), tsohuwar malamar kiɗa da ta sayi ɗaki biyu a wani sabon bene. Ta zo da hular gashi, wakilin kamfanin kuma ya zo da takalmi mai tsini, yana ta duba agogo. Zenon ya bi ɗakunan yana ƙwanƙwasa tayil, yana haska lunguna, yana gaya wa wayar abin da ya gani. Da ya gama ya danna tura, ya koma gida yana jin kansa.

Yana cikin cin dankali sai ga kiran Pani Miroslawa. Hannunsa da maiƙo, don haka ya sa sautin wayar ya fito fili a kan tebur.

"Pan Zenon, na ga rahoto. Bari in karanta maka." Ta gyara murya irin ta aji. "Tagar ɗakin kwana ba ta rufuwa. Wanda ya sa ta ina jin da ƙafa ya sa. Tayil ɗin banɗaki ba siminti a ƙarƙashinsu. Wayyo gwiwata. Halina ta ce in sha maganin, na zuba shi a tukunyar fure."

Halina ta ajiye cokali. Pani Miroslawa ta ci gaba da karatu.

"Da saura. Famfon kicin yana ɗiga. Wannan mai tsinin takalmin ko guduma bai taɓa riƙewa ba. Baranda ta gangaro ciki, ruwan sama a falo zai kwana. Matar kirki ce, sai dai hular nan kamar kyanwa ta mutu a kanta."

Zenon ya sunkuyo kan wayar.

"Pani, wayar ce..."

"Wayar ba ta ga hulata ba. Kuma ka sani, kamfanin ma ta tura musu. Yaron ya kira ni yanzu, ya ce ya taɓa riƙe guduma."

Washegari Zenon ya sa rigar coci, ya sayi furanni da kek, ya hau benen da gwiwoyin nan nasa. Pani Miroslawa ta buɗe masa ƙofa da hular a kanta, a cikin ɗaki, ta bar shi yana ba da haƙuri yana kallon ƙasa har ya ƙare. Sannan ta yanka kek ɗin. Ta ce ma'aikata sun zo tun safe suna cire tagar, kuma ta karanta wa ƙawayenta na ƙungiyar mawaƙan coci rahoton, biyu suna son lambarsa.

Aiki ya fara zuwa, amma Zenon ya tsorata da wayar. Lucjan, bayan ya gama dariya har da tari, ya nuna masa inda ake dannawa ta daina saurare. Bai taimaka ba, domin Zenon ba ya sanin lokacin da ya fara ƙunƙunin.

Halina ce ta yanke maganar. Yanzu tare suke fita, shi da tocila, ita da wayar, yatsanta a kan maɓallin. Ta san fuskarsa. Da ta ga hancinsa ya buɗe sai ta kashe, ta jira ya zage magina da iyayen gidansu, sannan ta kunna.

"To, faɗa da hankali."

"Ƙofar tana gogar ƙasa," sai ya ce, a ladabce.

Masu gida da yawa sun ɗauka ita ce mai dubawar, shi kuma direbanta. Halina ba ta taɓa gyara musu ba.