Tawadar Baba a Katalog ɗin Madam

A wurin wata Batoniya, wato 'yar asalin ƙasar Kumasi, na fara koyon ɗinki, a unguwar Krofrom, a shekarun nan da ake ta hayaniyar Turawa za su tafi. Madam muke ce mata. Ni kaɗai ce 'yar Zango, unguwarmu ta Hausawa, a cikin 'yan koyonta, kuma sai da Mma ta sha wuya wajen lallashin Baba kafin ya yarda. Da ya yarda ɗin ma sai da ya kafa sharaɗi: ranar da na shigo masa gida da abin da addini bai yarda da shi ba, ni da keken ɗinki sai dai hange daga nesa. Baba ba ya maimaita magana. Malami ne, ana zuwa zaurensa karɓar rubutun sha, har da Tonawa, waɗanda ke ce masa kramo, suna tuɓe takalmi tun daga bakin kwata.

Yaran yanzu da ke makarantar ɗinki suna da littattafai har suna matashin kai da su, amma ka ce su yanka hannun riga ka sha kallo. Mu littafinmu guda ne tak. Katalog ne mai kauri da wani ƙanen Madam, ma'aikacin jirgin ruwa, ya kawo mata daga Ingila. Kowane shafi Baturiya ce a tsaye, ta riƙe ƙugu tana murmushi. Duk ilimin shagon nan a cikinsa yake: wuya iri-iri, hannu, tattara, inda ake kama ƙugu. Mace ta zo da atamfarta, ta ɗora yatsa a kan hoto, Madam ta juya mata shi ya zama rigar kaba irin ta matan Kumasi. Ba mai taɓa shi sai ta wanke hannu.

Wata Juma'a Madam ta kira ni. Ta ce hannuna ya fara faɗawa, in tafi da littafin gida in koyi yanka wani wuya mai ninki a takardar siminti, in dawo da shi ran Litinin. Sauran yaran har sun yi tsaki don hassada. Ni kuwa ban yi murna ba, don na san gidanmu. Ko kalanda mai hoton mutum ba a ratayewa, saboda mala'ikun rahama ba sa shiga inda hoto yake. Ga ni zan shigar da Turawa cike da littafi, kawunansu ba ko ɗankwali.

Na rufe shi da mayafi kamar wadda ta saci kaza, na cusa shi ƙarƙashin katifa. Wallahi ko salla na tayar sai in ji kamar mala'ikun suna tsaye a ƙofar gida, sun ƙi shigowa saboda ni. Baba ya yi tari a zaure, in ruga in duba katifa.

Ran Asabar aka tafka ruwa, kwanon ɗakinmu ya yi yoyo. Ran Lahadi da hantsi ina famfo wajen ɗibar ruwa, Mma ta fito da kayan shimfiɗa shanya. Da na dawo na tarar da ita tsaye a tsakar gida, ta ɗora hannu a ka.

"Ke, kin kashe mu," in ji ta. "A gaban babanki ya faɗo. Yana zaure, ya ce ki je."

Ban san yadda na sauke bokitin ba. Na yi sallama, na durƙusa nesa da shi. Na sa ran in ga toka. Sai na ga littafin a buɗe a kan cinyarsa, kurtun tawada a gefe, alƙalamin kara a hannunsa. Ya tsoma, ya zagaye fuskar wata Baturiya, ya cike ta baƙi ƙirin, ya barbaɗa yashi, ya hure. Ya riga ya wuce rabin littafin.

"Matso, Uwata," ya ce. Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana in ransa fari ne. "Na duba abin nan. Ashe sana'ar taku da ilimi a ciki. Dubi yadda aka juya wuyan nan. Fuskokin ne kawai matsalar. In babu fuska babu hoto. Yanzu sai ki yi karatunki hankali kwance."

Na duba. Ko ɗigo bai taɓa wuyan riga ba, ya bi a hankali kamar yana rubuta allo.

"Baba, ai na Madam ne."

"To, ita ma ta huta. An gyara mata kyauta."

Tun da nake ban taɓa jin ya yabi abin da nake yi ba sai ranar. Na zauna ina riƙe masa shafi yana shafewa, hawaye na zuba, shi kuwa ya ɗauka na murna ne.

Ran Litinin na kama hanyar Krofrom, ina tafe ina shirya magana, ina warwarewa. In ce ruwa ya jiƙa shi? Wane irin ruwa ne ke zaɓar fuska? Na isa na tarar shago ya cika, har da wata mai tsohon ciki da ta zo awo. Madam ta miƙo hannu tana fara'a, ta buɗe littafin a kan tebur.

"Ajei!"

Ta ja da baya har ta ture kujera. Yaran suka leƙo, suka watse waje. Ta sa sandar awo ta juya shafi, ta sake juyawa. Ko'ina mace a tsaye, ta riƙe ƙugu, kanta baƙin dunƙule. Mai cikin nan ta gane hoton da ta ɗora wa yatsa a satin da ya wuce, ta kama cikinta da hannu biyu ta fara kuka.

"Wannan tawada na kramo ne?" Madam ta tambaye ni da Hausarta ta kasuwa. "Me na yi ma baba naki? Ni zai kashe, ko mata da suna zo nan?"

Na rantse da Allah, na rantse da kabarin kakata, na ce ba asiri ba ne, saboda mala'iku ne. Kash, da na yi shiru! Jin an ambaci mala'iku ya ƙara rikita ta. Da zagina ta yi, ko ta ɗauke ni da mari, da na ji sauƙi. Amma matar nan da ko direbobin trotro, motocin haya, ke shakkar bakinta, ita ce ke gudun haɗa ido da ni. Ni take tsoro, kuma wannan ya fi komai tsorata ni.

Ta tura littafin da sanda har ya faɗi ƙasa. "Ɗauka. Tafi. Na roƙe ki, kar ki zo nan kuma."

Na dawo Zango rana tsaka. Baba na zaure, ya ga littafin a hammatata.

"Ta bar miki shi?"

"Ta bar mini, Baba."

"Kin gani? Allah ya saka mata, mutuniyar kirki." Ya buɗe huhun goro, ya zaɓi farare manya, ya naɗe a ganye da hannunsa. "Gobe ki kai mata, ki ce kramo na gaishe ta, kuma yana sa ta a addu'a."

Na karɓa da hannu biyu. Washegari na yi shiri kamar kullum, na tafi har mararrabar da ake hango shagon. Na tsaya a bayan wata mai gasa ayaba, goron a hannuna. An watsa farar ƙasa a ƙofar shagon don karya asiri. Ta taga na hango keken da nake zama a kai, wata yarinya na taka shi.