Kashi na Goma Kafin na Biyu

A shekarun da nake aikin buga takardu a sakatariyar Anka na sayi tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka. Wani abokina, malamin lissafi a Gummi, ya zuba mini wasan kwaikwayon talabijin mai dogon zango a ciki. Nakan cika batirin a ofis, bayan la'asar in ajiye wa Inna ita a kan turmi. Wata Bafulatana da ke kawo mana nono takan sauke ƙwaryarta ta zauna su kalla tare.

Rana ta biyu Inna ta kira ni.

"Zo ka gani. Yarinyar ga jiya aka kai kuɗin gaisuwarta, yau ga ta da goyo. Mi ya faru?"

Na duba. Ashe kwamfutar tana jera kowane kashi ne bisa sunansa, harafi-harafi, don haka bayan kashi na ɗaya sai ta kawo na goma. Sunayen kuma kowanne da irin nasa, wani da ɗigo, wani da dogon Turanci. Na fara gyara su ɗaya-ɗaya har idona ya gaji, na bari.

Ranar kasuwa abokin nan nawa ya zo a kan babur. Ya yi dariya, ya buɗe wata 'yar manhaja.

"Ba sunan za ka gaya mata ba," in ji shi, "kamanninsa za ka faɗa. Kamar mai cigiyar saniya: fara ce, ƙahonta ɗaya a karye."

Ya nuna mini alamar da ke nufin kowace lamba, da alamar baka da ake kama lambar da ita a ajiye. Muka rubuta layi guda: a zubar da tarkacen, a bar lamba, wadda take ita kaɗai a sa mata sifili a gaba. Na danna. Kafin ƙiftawar ido duk sun jeru.

Na ji daɗin abin ƙwarai. Makon nan har hotunan bikin ƙanwata sai da na sake wa suna.

Inna da ƙawarta suka koma farko. Ba su yi nisa ba damina ta sauka, Bafulatanar ta bi shanunsu wajen Bukkuyum. Inna ta ce a rufe, ba ta kallo ita kaɗai. Sai bayan an yanke gero matar ta dawo, suka ɗora daga kashi na bakwai.