Nauyin Zuciyar Sadissou

Idan mutumin da ke nesa da gida ya ce maka zuciyarsa ta yi nauyi, me kake ce masa? Haƙuri kake ba shi, ko ba haka ba? To, haƙurin nan aka yi ta ba Sadissou har ya kusa kai shi kabari.

Sadissou mutumin Tasawa ne ta Nijar, mai ban ruwa a wata gonar dabino a Ghuddwa, kudu da Sabha. Daga shi sai injin ruwa da ɗakin bulo guda. Matarsa ta rasu yana nan Libiya, bai samu jana'iza ba. Mai jin muryarsa ɗaya ne: Moutari, direba ɗan garinsu, da ke kawo masa shinkafa da shayi ran Juma'a.

"Kawu, ya ƙarfin jiki?"

"Zuciyata ta yi nauyi, Moutari."

"Tamu ma haka take, kewar gida ce. Ko dai amarya kake so, kana ta kwana-kwana?"

Sai su yi dariya, mota ta tashi, gona ta koma shiru. Babu ɗan Nijar a Sabha da bai taɓa faɗin wannan magana ba, shi ya sa ba wanda ya ɗauke ta ciwo. Takalmin Sadissou ya daina shiga, ya ce rana ce ta ƙanƙance roba. Kwanciya ta gagare shi, ya koma barci a zaune, jingine da bango. Wa zai gani?

Wata Juma'a Moutari ya tarar da shi durƙushe bakin injin, numfashi na sarƙewa. Ya jefa shi mota, sai sashen gaggawa na wani asibiti a Sabha. Likita Najwa ba ta jin Hausa, Moutari ya zama tafinta. Ya juya mata maganar nauyin zuciyar yadda ya saba jin ta: tsoho ne mai damuwa, ga ƙurar gona ta sa shi tari.

Likita ta danna ƙafar Sadissou da babban yatsa. Gurbin ya zauna, bai taso ba. Ta tambaya ko yana iya kwanciya a miƙe. Moutari bai taɓa ganin barcinsa ba. Babu wanda ya taɓa gani.

Ta ɗebi jini, ta sa a yi gwaji biyu. Na farko, turoponin, yana nuna ko naman zuciya ya ji rauni. Ya fito kusan daidai.

"Ka ji ko, Kawu? Tashi mu tafi."

Likita ta ɗaga wa Moutari hannu. Na biyu, BNP, shi ke hawa idan zuciya ta gaji, tana kasa tura jini, ruwa na taruwa a huhu da ƙafafu. Ƙasa da ɗari ake so a gani. Nasa dubu ɗaya da ɗari uku. Da na farkon kaɗai aka duba, da an mayar da shi gona da maganin tari.

Aka kwantar da shi, aka yi masa allurar fitar da ruwa. Washegari Moutari ya same shi kwance a miƙe, yana kallon rufi.

"Ashe nauyin na ruwa ne, Kawu."

"Rabinsa," in ji Sadissou. "Sauran rabin allura ba ta kai can."

Moutari ya jawo kujera ya zauna, bai duba agogo ba.

Kai ma kana da wanda ke ce maka zuciyarsa ta yi nauyi. Wannan karon, kafin ka ba shi haƙuri, tambaye shi yadda yake kwana, ka danna masa ƙafa. In gurbin ya zauna, ɗauke shi sai asibiti. Don Allah gwada.