Atamfar da Na Raɗa wa Suna Damisa

Har yau ban taɓa mantawa da ranar da na ɓata kayana da bakina ba. Zamanin Shugaba Ahidjo ne, ina sabon buɗe kantin atamfa a kasuwar Garwa. Sallah ta gabato, na zuba jarina kaf na sari dila guda, wato babban ƙunshin turame, baƙar shuɗiya mai fararen ɗigo. Don in ja masu saye, duk macen da ta tsaya sai in ce, "Ga damisa, sabon yayi."

Su taɓa, su wuce. Ko turmi ɗaya bai fita ba.

Na je wurin Goggo Asabe, babbar dillaliyar da ke shigar mana da kaya gidajen matan kulle. Ta baza turmin a cinya.

"Wa ya raɗa mata damisa?"

"Ni ne, Goggo."

"Kai ka haife ta? Kirarin damisa ƙi sabo. Wace uwa za ta sa ƙi sabo cikin kayan 'yarta?"

Na ce to, ai duk zane ne mai dabbare-dabbare. Ta yi dariya, ta ce kowane da gidansu. Na damisa roɗi-roɗi ne, manya. Fari da baƙi a cakuɗe shi ne wake-wake, daga waken da muke ci. Ɗige-ɗige kuwa daga ɗigar ruwa ya fito, ƙanana kamar yayyafi. Na manta da asarata, ina ta tambaya. Na ce roɗi-roɗin fa, daga ina?

"Wannan ban sani ba, ɗana. Haka na taras."

Na roƙe ta ta sauya wa atamfar suna. Ta ce suna in ya kama a Garwa ba ya fita. Sai dai in kai ta Maruwa inda ba a ji ba, in baza, in kama bakina.

Haka na yi. Shirun nan ya fi dakon dilar wuya. Can wajen la'asar wata mata ta ɗaga turmi, ta ce wa ƙawarta, "Ke, dubi zabuwa." Ta saya. Kafin Sallah mata na aiko yara neman zabuwa, har dilar ta ƙare.

Ku da kuke tasowa a sana'ar nan, ku riƙe wannan: ɗan kasuwa kuɗi kawai yake sa wa atamfa. Suna na mai ɗaurawa ne.