Inabin Ɗa'ifa da Ƙaryar da Na Yi wa Yaya Sule

Yau shekara goma sha biyu ke nan. Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ranar Talata, Allah ya karɓi ran yayana Sule a ɗakinsa da ke unguwar Mahjar a Jidda. Mu uku ne a kansa: ni, da matarsa Hajiya Asabe, da limamin unguwarmu.

Shekara ashirin ya yi yana sayar da inabin Ɗa'ifa a bakin titi, ni kuwa ina tuƙi a wani gida a unguwar Abhur. Inabi duk ɗaya ne a wurina. A wurinsa kowane kwari na dutsen Ɗa'ifa da irin ɗanɗanonsa, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Baƙin nan mai kaurin ɓawo, yakan ce sanyin dutse ne ya ba shi zaƙi da ɗan bauri a ƙarshe, ba a cinsa sai da cuku mai gishiri da gurasar tamis da safe. Farin mai tsawo bayan salig ake kawo shi, shinkafar nan ta madara, don ya wanke maiƙo. Wanda ya haɗa inabi da shayi mai sukari kuwa, sai ya ce masa, "Haram alaik, ka kashe shi."

Da sanyi ciwo ya kwantar da shi, lokacin da babu inabin Ɗa'ifa ko ƙwaya. Kwana huɗu kafin rasuwarsa ya ce yana marmarinsa. Ga abin da na yi, daki-daki. Na shiga babban kanti na sayi baƙin inabi na ƙasar waje. Na zubar da kwalinsa. Na wanke shi, na jera a tsohon kwandon Yaya, na ce wani direba ne ya sauko da shi daga dutse.

Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya tauna a hankali, ya daɗe yana kallona.

"Ƙanena, wannan a jirgi ya zo. Shi ke nan, ɗauke."

"Wallahi Yaya, na Ɗa'ifa ne."

Ya juya ga bango. Rantsuwar nan ita ce cikakkiyar magana ta ƙarshe tsakaninmu. Mutumin da bai taɓa cakuɗa wa mai saye inabi ba, shi na yi wa cakuɗe a kan gadon mutuwa. Na yi niyyar neman gafararsa ranar Juma'a in na samu hutu. Bai kai Juma'a ba. Da na sani ƙeya ce.

Yanzu inabi ba ya yankewa a Jidda, rani da sanyi, ba iri a ciki, ba wanda ke tambayar garinsu. Da yana raye, na san zai ɗanɗana ya ce ruwa ne aka sa wa riga. 'Ya'yansa da aka haifa a nan ba su san bambancin ba, ni ma ban zauna na koya ba. Abin da ya rage shi ne shaidar tsofaffin Mahjar, cewa Sule bai taɓa kiran abu da sunan da ba nasa ba.

Ina roƙon mai karatu abu biyu. Ka sa shi a addu'a. Sannan in majinyacinka ya nemi abin da babu, ka zauna kusa da shi ka ce masa babu.